Kujerar da Ba Ta da Jiniya

Ƙannena maza da mata, a watan Nuwamban 2002 wata matashiya 'yar shekara 27, mai suna Madison Nguyen, ta ci zaɓen kujera a hukumar makarantun gundumar Franklin-McKinley, a birnin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka. Kujera ce da ba ta da motar ofis, ba ta da 'yan rakiya, balle jiniya. Ɗan alawus ɗin da ake ba mai ita bai taka kara ya karya ba. Aikin kuwa zaman dare ne, bayan kowa ya tashi daga wurin neman abincinsa, a duƙufa a kan takardun kasafin kuɗi da koke-koken iyaye har ido ya yi nauyi. Shekara 23 kafin wannan zaɓe, ita wannan yarinya tana cikin wani ƙaramin jirgin kamun kifi a tsakiyar teku, iyayenta sun gudo da ita daga Biyetnam tana 'yar shekara huɗu.

Na ɗauko labarinta da na wasu 'yan ƙasarsu ne saboda wani abu da nake gani a tare da ku. Da an ambaci yi wa jama'a hidima, sai idonku ya tafi gidan gwamnati ko majalisar tarayya. In waɗannan suka yi nisa, sai ku ce to ai babu abin yi, a koma Facebook a ci gaba da zagin shugabanni. Ga mutanen da suka isa ƙasar wasu da rigar jikinsu kaɗai, ba harshe, ba dangi, ba ko sisi, amma ƙofar da da yawa daga cikin 'yan siyasarsu suka fara ƙwanƙwasawa ita ce ta makarantar yaran unguwa. A ganina sun gane inda ake yanke abin da ke taɓa talaka kai tsaye.

Bari mu koma baya don ku san nisan tafiyar. Ranar 30 ga Afrilu, 1975 dakarun Arewacin Biyetnam suka shiga Saigon, babban birnin Kudu, yaƙin da aka daɗe ana gwabzawa ya ƙare. A kwanakin nan aka kwashe mutum kimanin 130,000, yawancinsu waɗanda suka yi aiki da gwamnatin Kudu ko da Amurkawa, aka bi da akasarinsu ta tsibirin Guam zuwa barikokin soja huɗu: Camp Pendleton a Kalifoniya, Fort Chaffee a Arkansas, Eglin a Florida da Fort Indiantown Gap a Pennsylvania. Ba a fita daga bariki sai an sami mai tsaya wa iyali, coci ko ƙungiya ko wani magidanci da zai nema musu ɗaki da aiki. Gwamnati ta warwatsa su cikin jihohi da gangan, don kada su taru wuri guda su yi wa wani gari nauyi. Kada kuma ku ɗauka da hannu bibbiyu aka karɓe su. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a shekarar ta nuna fiye da rabin Amurkawa ba sa son a zaunar da su. Warwatsawar ba ta yi ƙarko ba. Sanyin wasu jihohi da kewar juna suka sa mutane suka riƙa tattara komatsansu suna komawa inda 'yan'uwa suke, yankin Orange da San Jose a Kalifoniya, Houston a Teksas.

Waɗancan su ne suka fita da sauƙi. Sabuwar gwamnati ta kira tsofaffin hafsoshi da ma'aikatan Kudu su kawo kansu a sake musu tarbiyya, aka ce wa wasu su riƙo guzurin kwana goma, wasu na wata guda. Akwai waɗanda ba su sake ganin gida ba sai bayan shekara goma ko fiye. A 1978 aka rufe kasuwancin masu zaman kansu a Kudu, abin ya fi faɗa wa 'yan asalin Sin. Aka tura iyalai daji wai su buɗe sababbin yankunan noma, ga yaƙi da Kambodiya, ga na kan iyaka da Sin a 1979. Sai mutane suka fuskanci teku.

Ku ɗan tsaya ku dubi jirgin nan. Na katako ne, an ƙera shi don kogi da bakin gaɓa. An biya kuɗin shiga da zinari, an shigo cikin dare a ɓoye, an danna mutane a ramin da ake zuba kifi, gwiwa na gugar gwiwa. Ana ba ƙananan yara maganin barci don kada kukansu ya tona asiri kafin a wuce masu sintiri. Bayan 'yan kwanaki ruwan sha ya ƙare, ko inji ya mutu, jirgi ya riƙa yawo inda iska ta ga dama. A mashigin tekun Tailan 'yan fashin teku suna jira: su ƙwace zinari, su keta mutuncin mata, su tafi da wasu, wani lokaci su nutsar da jirgin don kada a sami mai ba da shaida. Wanda ya isa gaɓa ma ba lallai a bar shi ya sauka ba, domin a 1979 an sha jan jirage ana mayar da su teku. Kusan mutum 800,000 ne suka isa wata ƙasa da rai tsakanin 1975 da 1995. Waɗanda teku ta ci, ƙiyasin da aka fi ambata yana tsakanin 200,000 da 400,000. Ɗan ƙaramin tsibirin Bidong na Maleshiya kaɗai ya ɗauki kimanin mutum 40,000 a tsakiyar 1979, cunkushe a bakin gaɓa cikin bukkokin leda da katakon jiragen da suka fashe.

Abin ya kai duniya ta kasa kawar da kai. A Yulin 1979 aka yi taro a Janeba, ƙasashe suka yi alkawarin ƙara yawan waɗanda za su ɗauka, aka kuma buɗe hanyar fita ta jirgin sama bisa tsari. A Maris na 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar 'yan gudun hijira ta Amurka. Cikin wannan guguwa iyalin su Madison suka yi zaman sansani a Filifin, har wani cocin Lutheran ya tsaya musu aka kai su Scottsdale a jihar Arizona. Mahaifin ya kama aikin shara da goge-goge, ga 'ya'ya tara. Daga baya ya kwashe su zuwa Modesto, yankin gonakin tsakiyar Kalifoniya, inda Madison ta taso tana tsinkar 'ya'yan itace a gonakin wasu tare da iyayenta. Daga gona ta wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ta karanta tarihi, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Chicago.

Akwai abin da yaran irin waɗannan gidaje suka sani wanda ba a koyarwa a jami'a. Yaro ne ke fara iya Turanci, saboda haka shi ne tafintan gida. Shi ke karanta wasiƙar mai gidan haya, shi ke raka uwa asibiti, shi ke tsayawa tsakanin malaminsa da mahaifinsa ranar ganawar iyaye, yana fassara ƙorafin da ake yi a kansa. Uban da a ƙasarsu kyaftin ne ko malamin makaranta, yau yana tsaye yana kallon bakin ɗansa ɗan shekara tara. Ga shi kuma mutanen Biyetnam suna girmama malami ƙwarai, har ranar malamai gare su, 20 ga Nuwamba. Uba ba ya zuwa makaranta ya tuhumi malami; ya miƙa ɗa, ya koma gefe. A makarantar Amurka kuwa, uban da ba ya zuwa taro, ba ya tambaya, ɗauka ake yi bai damu ba. Ladabin nasu aka karanta a matsayin sakaci. Uwa tana shagon gyaran farce tun safe har dare, sana'ar da ta zama ta mata 'yan Biyetnam tun bayan da 'yar fim Tippi Hedren ta sa aka koya wa wasu mata ashirin a wani sansani kusa da Sacramento a 1975. Uba yana masana'antar harhaɗa kayan lantarki. Wa zai je taron makaranta da ƙarfe bakwai na dare?

Wannan hali kun san shi, don mu ma da shi muka tashi. Girmama malami wajibi ne, ba na ja da wannan. Amma tambayar ina kuɗin gyaran aji suka shiga, ko me ya sa 'yan aji huɗu ba sa iya karanta sunansu, ba ta taɓa mutuncin malamin kirki. Sau da yawa ma shi malamin yana jiran wanda zai yi tambayar ne, domin shi bakinsa a ɗaure yake.

Kafin ɗan gudun hijira ya zauna a kujerar, akwai matakala, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Bayan shekara guda ya nemi takardar zama ta dindindin. Bayan shekara biyar ya nemi zama ɗan ƙasa, ya yi jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki, ya yi rantsuwa. Sannan ya je ya yi rajistar zaɓe, wadda ita ma aba ce daban. Ga wanda ya ga yadda rubuta suna a takardar gwamnati ya kai maƙwabcinsa kurkuku, wannan mataki na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Sai da aka shekara 17 da faɗuwar Saigon kafin haifaffen Biyetnam na farko ya ci zaɓe a Amurka: Tony Lam, wanda ya zama kansila a garin Westminster a 1992. Ita kanta Madison, kafin ta nemi ƙuri'ar kowa, aikin da ta fara shi ne bin matasan al'ummarsu tana sa su rajista. Ku riƙe wannan. Ta tara masu zaɓe tukuna, sannan ta buga fosta.

To mece ce wannan hukuma da ake wa wannan wahala? A Amurka gwamnatin tarayya ba ta gudanar da makarantun firamare da sakandare. Abin da take bayarwa bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsu ba. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yankin. An raba ƙasar zuwa gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta, galibi mutum biyar ko bakwai da mazauna yankin ke zaɓa, yawanci na shekara huɗu. A Kalifoniya sharaɗin takara shi ne shekara 18, zama ɗan ƙasa, zama a gundumar, da rajistar zaɓe. Ba a tambayar digiri. Su ke ɗaukar babban jami'in da ke gudanar da makarantun, kusan abin da muke kira sakataren ilimi, su ke sallamarsa. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, da yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, da littattafan da za a koyar. Su ke shata wace unguwa za ta tura yara wace makaranta, wace makaranta za a rufe idan yara sun ragu, wane ɗalibi za a kora. Aiki ne irin na mai rabon nama a gidan suna: tukunya ɗaya ce, kowa ya miƙo kwano, kuma duk yadda ka yi akwai wanda zai tafi yana ƙunƙuni.

Ku shiga ɗakin taron ku gani. A gaba dogon tebur ne, kowane wakili da sunansa a gabansa. A gefe ɗan mumbari. Mai son magana ya cika ƙaramin kati, a kira sunansa, a ba shi minti biyu ko uku, agogo na ƙirgawa a idon kowa. Dokar Brown ta jihar, wadda aka kafa a 1953, ta wajabta a yi zaman a bainar jama'a, a kuma liƙa ajanda awa 72 kafin zama. Abin da ba ya cikin ajanda, a bisa ƙa'ida ba a yanke hukunci a kansa. Wanda zai yi magana ta bakin tafinta, doka ta ce a ninka masa lokaci. Mafi yawan dare kujerun jama'a fayau suke, sai 'yan tsiraru. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne, wakili ɗaya ba shi da ikon komai shi kaɗai. Ba zai shiga makaranta ya ba hedimasta umarni ba. Ikonsa hannu ɗaya ne cikin biyar, kuma sai ya sami biyu sun bi shi kafin ko fanka a saya.

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Abin da ya ba waɗannan mutane ƙarfi a ɗakin nan sanin ƙa'ida ne, fiye da ɗaga murya. Tun 1974 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, wadda aka shigar a madadin yaran 'yan Sin a San Francisco, cewa zaunar da yaron da ba ya jin Turanci a aji ɗaya da sauran, a ba shi littafi iri ɗaya, a ce an yi adalci, ba adalci ba ne. Dole makaranta ta yi wani abu game da harshen. Dokar ilimi ta Kalifoniya ta ce in kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makaranta suna da harshen gida ɗaya da ba Turanci ba, to takardun da ake aika wa iyaye sai an fassara su da wannan harshe. In makaranta tana da yara 21 ko fiye masu koyon Turanci, sai an kafa kwamitin iyayensu na ba da shawara. Waɗannan abubuwa suna nan a rubuce ko an yi aiki da su ko ba a yi ba. Uban da ya zo yana cewa an raina mu, za a saurare shi minti uku a ce an gode. Wanda ya zo da sashen doka a hannu da yawan yaran makarantarsa, ya tambayi ranar da za a fara fassarar, ba a iya sallamarsa da godiya kawai. Na ga matasanmu da yawa masu zafin kishi waɗanda ba su taɓa karanta shafi goma na dokar abin da suke faɗa a kai ba. Zafin yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya motsa fayil.

Gundumar Westminster ta isa misalin abin da hannu uku ke iya yi. A shekarun 1940 hukumar makarantunta tana ware yaran 'yan asalin Meziko a makaranta daban. Wani manomi, Gonzalo Mendez, da wasu iyaye suka kai ƙara, a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da cewa wariyar haramtacciya ce, shekara bakwai kafin babban hukuncin 1954 da ya rushe wariyar launin fata a makarantun ƙasar. (Gonar da Mendez ke nomawa ma haya ya karɓa daga wani iyalin 'yan asalin Japan da gwamnati ta tsare a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu. Ƙasar nan baƙo bayan baƙo take gani.) A Westminster ɗin ne daga baya 'yan Biyetnam suka cika titin Bolsa da shaguna har aka san wurin da Little Saigon. A 2006 hukumar wannan gunduma ta zaɓi Dakta KimOanh Nguyen-Lam, ƙwararriyar malama wadda ita ma da gudun hijira ta zo, kuma wakiliya a hukumar makarantun Garden Grove da ke maƙwabtaka, ta zama babbar jami'ar makarantunsu. Bayan mako guda hukumar ta janye naɗin. 'Yan Biyetnam da 'yan asalin Latin Amurka suka cika ɗakin taro suna zanga-zanga, amma hannuwan da ke kan tebur su ne doka, naɗin bai dawo ba. A 2015 kuma, ita dai wannan gunduma ce ta buɗe shirin farko a jihar na koyar da yara da Biyetnamanci da Turanci tare, a firamaren DeMille. Ginin bai canza ba. Mutanen da ke kan teburin ne suka canza, da waɗanda ke zuwa su zauna a gabansu.

Kuma waɗannan zaɓuɓɓuka da 'yan ƙuri'u kaɗan ake cin su, domin mutane ba su cika kula da su ba. Lan Quoc Nguyen, lauya, ya shiga hukumar Garden Grove a 2002, shekarar da Madison ta ci tata. Bao Nguyen, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, ya zauna a wannan hukuma, sannan a 2014 ya zama magajin garin Garden Grove da ratar ƙuri'a 15. Gida uku ko huɗu ke nan da suka yanke shawarar fita ranar zaɓe.

Ba zan ɓoye muku ɗacin abin ba, don labarin Madison bai tsaya a tafi da guɗa ba. A Yulin 2003 wani ɗan sanda a San Jose ya harbe wata mata 'yar Biyetnam, uwar yara biyu, a cikin kicin ɗinta, tana riƙe da abin fere kayan miya irin na ƙasarsu wanda ya ɗauka babbar wuƙa ce. Madison tana cikin waɗanda suka tara jama'a suka nemi a yi bincike a fili, sunanta ya ƙara fitowa. A 2005 ta ci kujerar kansila, 'yar Biyetnam ta farko a majalisar birnin da ya fi kowane birni a Amurka yawan 'yan Biyetnam. Al'umma ta yi murna, ta ce 'yarmu ta shiga.

Shekara biyu bayan nan aka zo raɗa wa wani yankin kasuwanci a titin Story suna. Dattawa da masu fafutuka suka ce Little Saigon. Ita ta kawo wani suna na sasantawa, Yankin Kasuwancin Saigon, majalisa ta amince a Nuwamban 2007. Ai kuwa sai gari ya kama da wuta. Aka yi ta zanga-zanga a ƙofar majalisa mako bayan mako, aka kira ta maciya amana, wasu suka ce 'yar kwaminis ce, ita da aka gudo da ita a jirgi daga mulkin kwaminis. Wani tsohon matuƙin jirgin yaƙin Kudu, Ly Tong, ya shiga yajin cin abinci na kusan wata guda. Majalisa ta janye sunan a 2008, amma fushin bai kwanta ba, aka tara sa hannu aka yi mata kiranye. A Maris na 2009 aka kaɗa ƙuri'a ta tsira, kuma ba ƙuri'ar 'yan ƙabilarta kaɗai ta tsirar da ita ba. Mazaɓarta cike take da 'yan asalin Meziko da wasunsu da suka ga aikinta. Ta zama mataimakiyar magajin gari a 2011, ta nemi kujerar magajin gari a 2014 ba ta samu ba.

In kun tambaye ni, kowane ɓangare yana da nasa laifin. Ita ta auna maganar da ma'aunin ofis, ta ga ai duka sunayen biyu akwai Saigon a ciki. Su kuwa dattawan, birninsu aka canza wa suna a 1976 aka mai da shi Ho Chi Minh, wasunsu sun yi shekaru a tsare, wasu sun bar 'ya'ya a teku. Ga irin wannan mutum, allon titi shi ne abin da ya rage masa na ƙasa, kuma ya fi jin zafin a ce yarinyar gida ce ta yi musu gyara. Digiri biyu bai koya mata ta zauna ta sha shayi da su har su gama faɗar abin da ke ransu ba. Amma su ma sun zarce. Jifan mutum da kalmar cin amana saboda saɓanin ra'ayi a kan allo zalunci ne, kuma yana koya wa yaran da ke kallo cewa tsayawa takara neman zagi ne. Darasin da ke nan gare ku biyu ne a haɗe: waɗanda suka ɗaga ku su za su fi kowa tsananta muku, don haka ku saurare su da haƙuri tun kafin ku yanke, sannan kujerar ta duk mazauna yankin ce, har waɗanda ba sa jin yarenku, kuma ranar tsanani aikin da kuka yi musu shi zai yi magana.

Ba na cewa tsarinmu irin nasu ne. A wurinmu ba a zaɓen hukumar makarantu da ƙuri'ar gari, kuma ɗaukar malamai da biyansu yana hannun gwamnati. Amma akwai tebur. A Najeriya makarantun gwamnati suna da kwamitin SBMC, wanda aka tsara ya haɗa hedimasta da wakilin mai unguwa ko dagaci, da iyaye mata, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai. A Nijar an san shi da sunan COGES. Ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Ikonsu bai kai na Amurka ba, amma ya isa a san malamin da ba ya zuwa, a bi yarinyar da ta daina zuwa aji har gidansu, a rubuta tsarin gyaran makaranta, a tambayi inda tallafi ya shiga. A wurare da yawa sunayen suna kan takarda kawai, mutum ɗaya ne ke sa hannu a madadin kowa, saboda masu ilimin unguwar sun raina wurin.

Cikinku kuma akwai waɗanda labarin jirgin nan bai yi musu nisa ba: waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukan Borno ko Zamfara, suna zaune a Maiduguri ko Diffa ko Maradi, ko a sansanin Minawao a Kamaru, da waɗanda aka haifa a zango a Kumasi ko Accra har yau ana kiransu baƙi. Ku ne tafintocin gidajenku. Kun san abin da yaro ke ji in ya zauna a ajin da ake magana da harshen da ba nasa ba, kuma ba kowane wanda ke kan teburin ya san wannan ba. Kada ku jira sai an daina kiranku baƙi kafin ku shiga.

Saboda haka, ƙanena, ƙanwata, a makon nan ka je firamaren unguwarku, wadda wataƙila ita ta koya maka baƙi da wasali. Ka gai da hedimasta cikin ladabi, ka tambaye shi su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suka yi zama na ƙarshe, yaushe za su yi na gaba. Ka nemi littafin ƙa'idojin kwamitin ka karanta shi daga bango zuwa bango. Ranar zama ka je da biro da takarda, ka zauna a baya, ka yi zama uku kana sauraro kafin ka ce uffan. In an nemi mai rubuta bayanan zama aka rasa, ka ɗaga hannu.